Lambun Uhuru: An Gyara, An Buɗe, Saura Batun Ƙofa

A ƙarshen watan Satumba na shekarar 2024 mahukuntan birnin Nairobi, fadar gwamnatin ƙasar Kenya, suka zare sakata suka buɗe wa jama'a Lambun Uhuru, karo na biyu ke nan cikin wata shida. Irin labarin nan ne da jaridunmu kan tura can ƙasan shafi, in ma sun ga damar ɗauka, domin a tunanin da yawa daga cikinmu wurin shaƙatawa harka ce ta yara da masu hannu da shuni da waɗanda ba su da abin yi. Ni kuwa na ga ya dace in ba shi wannan fili gaba ɗaya, saboda abin da ya faru da lambun nan tun daga rufe shi har zuwa buɗe shi ya taɓo wata tambaya da kowane babban birni zai fuskanta, ko ba jima ko ba daɗe: idan hukuma ta ɗauki abin da yake na kowa da kowa ta ce za ta gyara, a wane hali take mayar da shi, kuma ga wa?

Kalmar uhuru a harshen Suwahili tana nufin 'yanci. Shugaban Kenya na farko, Jomo Kenyatta, shi ya buɗe lambun a watan Mayu na 1969, shekara biyar da 'yan watanni bayan ƙasar ta karɓi mulkin kai daga Birtaniya. Faɗinsa bai wuce hekta 13 ba. A birnin da ƙidayar 2019 ta nuna yana ɗauke da mutum miliyan 4 da dubu 400 ko kusa da haka, wannan fili bai taka kara ya karya ba. Darajarsa tana ga inda yake. Yana tsakiyar gari, titi ɗaya ne ya raba shi da unguwar manyan ofisoshi da majalisar dokoki. Akwai tafki da aka haƙa a cikinsa, da ciyawa, da itatuwa, da wata gangara da ke iya ɗaukar dubban mutane a zaune.

Kafin a rufe shi, lambun nan ya fi kama da zauren talaka. Mai neman aiki da ya gaji da zagayen ofisoshi da takardunsa a hannu, a can yake kishingiɗa. Ma'aikacin da albashinsa bai kai shi ga sayen abincin rana ba, a can yake kwanciya kan ciyawa har lokacin komawa aiki ya yi. Ga masu wa'azi da lasifika, ga masu ɗaukar hoto, ga masu ɗora yara kan raƙumi da doki, ga masu ba da hayar ƙananan kwale-kwale a tafki. Ranar Lahadi kuwa iyalai daga unguwannin marasa galihu, inda ɗaki ɗaya ke ɗaukar mutum shida kuma babu tsakar gida, sukan kwaso 'ya'yansu su zo su sha iska ba tare da sun biya ko sisi ba. Ba zan yi wa wurin kwalliyar da ba shi da ita ba: ya tsufa, ruwan tafkin ya gurɓace, ciyawar ta ƙwaƙule a wurare da dama, kuma da duhu ya shiga mai hankali ba ya ratsawa ta ciki. Duk wanda ya ce lambun bai buƙaci gyara ba, bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai kafin a yi maganar gyara, dole a tuna yadda aka yi har lambun ya kai lokacin da za a gyara shi, domin saura ƙiris ya tafi tun shekara talatin da biyar kafin a sake buɗe shi. A 1989 gwamnatin Shugaba Daniel arap Moi ta yanke shawarar gina wani dogon bene mai hawa 60 a cikinsa. An tsara ginin zai ƙunshi hedikwatar jam'iyyar KANU, wadda ita kaɗai doka ta yarda da ita a lokacin, da ofisoshin jaridar jam'iyyar, da kantuna, da wurin ajiye motoci kusan 2,000, sannan a kafa ƙaton mutum-mutumin Moi a gabansa. An ƙiyasta aikin zai ci kimanin dala miliyan 200, mafi yawa bashi daga waje. Zamani ne da ake ɗaure mutum saboda 'yar takarda da aka samu a aljihunsa, don haka manyan mutane suka yi gum.

Wadda ta ƙi yin shiru ita ce Farfesa Wangari Maathai, mace ta farko a gabashi da tsakiyar Afirka da ta samu digirin digirgir, wadda kuma ta kafa ƙungiyar nan ta mata masu dashen itatuwa a 1977. Makaminta alƙalami ne. Ta rubuta wa ministoci, ta rubuta wa jaridu, ta rubuta wa jakadun ƙasashen waje da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, sannan ta garzaya kotu. Kotu ta kori ƙararta bisa hujjar cewa ba ta da hurumin yin magana da yawun jama'a. 'Yan majalisa suka keɓe lokaci musamman suna ci mata mutunci, suna goranta mata mutuwar aurenta, kamar dai zaman aure ne ke tabbatar da ko bene ya dace da lambu. Shi kansa Moi, a jawabinsa na bikin ranar jamhuriya a watan Disamba na wannan shekara, a cikin lambun da ake rigima a kansa, ya nuna cewa macen kirki a al'adar Afirka tana girmama maza ta kama bakinta. Aka kori ƙungiyarta daga ofishin da take zaune, ta kwashe ma'aikatanta ta mayar da su gidanta.

Amma surutun ya riga ya tsallaka teku. Masu ba da bashi suka fara tambayar yadda ƙasar da ke roƙon a sassauta mata tsofaffin basussuka za ta ci sabo don gina hedikwatar jam'iyya. A farkon 1990 masu zuba jari suka janye, aikin ya mutu a tsaye, ko da yake shingen kwanon da aka kewaye wurin da shi bai sauka ba sai a farkon 1992. Abin da nake so ɗalibai masu karanta wannan shafi su lura da shi shi ne, matar nan ta sha kaye a kotu, ta sha kaye a majalisa, ba ta kuma da ko kansila ɗaya a bayanta. Abin da ta yi shi ne ta sa satar fili ta yi tsada, ta hanyar tilasta wa kowa ya faɗi matsayinsa a bainar jama'a.

Daga nan lambun ya zama wani abu dabam a zukatan mutanen Kenya. A ƙarshen watan Fabrairu na 1992 wasu iyaye mata, galibinsu tsofaffi daga ƙauyuka, waɗanda aka ɗaure 'ya'yansu saboda siyasa, suka zauna a wata kusurwa ta lambun suka shiga yajin cin abinci. Bayan 'yan kwanaki 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, suka doki Maathai har ta suma. Wasu daga cikin tsofaffin suka tuɓe tufafinsu a gaban 'yan sandan, wanda a al'adarsu la'ana ce mafi muni da uwa za ta yi wa sa'an ɗanta. Suka koma majami'ar da ke maƙwabtaka da lambun suka ci gaba da zaman dirshan kusan shekara guda, har aka saki 'ya'yan nasu. Tun daga ranar ake kiran wurin Kusurwar 'Yanci. A lambun nan aka rantsar da Mwai Kibaki a ƙarshen Disamba na 2002, yana kan keken marasa lafiya, ranar da mulkin KANU na kusan shekara arba'in ya zo ƙarshe. A nan aka ƙaddamar da sabon kundin tsarin mulki ranar 27 ga Agusta, 2010, wata biyu da rabi bayan gurneti ya kashe mutane a wani gangamin masu adawa da kundin, a wannan fili dai. A nan aka yi wa Maathai bankwana a 2011, shekara bakwai bayan ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. A nan aka kafa abin tunawa da mayaƙan Mau Mau a 2015, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, bayan ta amince a 2013 ta biya diyya ga tsofaffi fiye da 5,000 da aka azabtar a zamanin mulkin mallaka. A nan kuma madugun 'yan adawa Raila Odinga ya rantsar da kansa a matsayin shugaban jama'a a watan Janairu na 2018. Duk mai son karanta tarihin siyasar Kenya, zai iya karanta rabinsa a kan wannan ciyawa.

To, wannan shi ne wurin da aka kewaye da shinge a ƙarshen 2021 da sunan gyara. Wanda ya rufe shi ma abin dubawa ne. A farkon 2020 gwamnan Nairobi na lokacin, Mike Sonko, ya sa hannu ya miƙa wasu manyan ayyukan birnin ga gwamnatin ƙasa, ita kuma ta kafa wata hukuma ta musamman ta ɗora wani janar na soja, Mohamed Badi, a kanta. Wannan hukuma ce ta rufe Lambun Uhuru da ɗan'uwansa da ke tsallaken titi, aka kuma damƙa aikin a hannun sojoji. An ce wa jama'a wata uku za a yi. Manyan motoci suka shiga suka yi ta tuge ciyawa da rushe tsofaffin gine-gine, hotunan jar ƙasa suka bazu a kafofin sada zumunta, hankalin mutane ya tashi. Jam'iyyar 'yan gurguzu ta Kenya ta kai ƙara kotun muhalli da filaye, tana cewa ba a ji ta bakin jama'a ba kafin a fara, kotu kuma ta dakatar da aikin na wani ɗan lokaci. Daga baya aka ci gaba.

Wata uku ya zama shekara biyu da watanni. An ɗan buɗe ƙofa a Disamba na 2022 don wani bikin birni da sabon gwamna, Johnson Sakaja, ya shirya, aka sake rufewa. Sai a ƙarshen Maris na 2024 aka bar jama'a suka shiga sosai. Kuɗin da aka ce gyaran lambunan biyu ya ci ya haura shilin biliyan ɗaya.

Masu kare hukuma sukan ce ai aiki mai kyau yana son lokaci, kuma ciyawa da itace ba sa jin umarnin soja. Na yarda. Amma ina so mai karatu ya yi wannan lissafi tare da ni. Mai ɗaukar hoton da ke ciyar da iyalinsa daga lambun, ina ya nufa cikin waɗannan watanni fiye da ashirin da biyar? Mai raƙumi fa? Yaron da aka haifa a ɗaki ɗaya a Kibera a shekarar da aka rufe, ya yi rarrafe, ya miƙe, ya fara gudu, bai taɓa taka ciyawar da aka ce tasa ce ba. Idan aka rufe titi don gyara, ana yin hanyar ratse, domin masu motoci suna da murya. Idan aka rufe lambu, ba wanda ke tunanin ratse, domin masu amfani da shi ba su da ƙungiya, ba su da lauya, kuma asararsu ba ta shiga kowane kundin lissafi. Da an raba aikin kashi-kashi, ana gyara wani ɓangare ana barin wani a buɗe, da kuɗin ya ɗan ƙaru, da ɗan kwangila ya ɗan sha wahala, amma da ba a kori talaka daga tsakiyar birninsa na tsawon wannan lokaci ba. An zaɓi sauƙin mai aiki a kan buƙatar mai wuri, kuma an yi hakan ne saboda ba a tambayi mai wurin ba tun farko, alhali sashe na 10 na kundin da aka ƙaddamar a cikin wannan lambu ya sanya jin ra'ayin jama'a cikin ginshiƙan mulkin ƙasar.

Da aka buɗe, gaskiya wurin ya yi kyau, ba na jin akwai mai musun haka. An shimfiɗa hanyoyin tafiya da ƙafa, an gyara bakin tafki, an dasa furanni da sabuwar ciyawa, an yi wurin wasan yara da na matasa masu tayoyi a ƙafa, an sa fitilu da kujeru da makewayi. An kawo gangar jikin wani tsohon jirgin sama da tsofaffin motocin haya an girke su a matsayin ado da wuraren cin abinci, an kafa siffofin namun daji nan da can. Wasu sun yi ta zolayar jirgin, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Yaron da bai taɓa kusantar filin jirgi ba zai taɓa fiffike da hannunsa, wannan ma wani abu ne. Mafi muhimmanci, hukuma ta tsaya kan cewa shiga kyauta ne, duk da raɗe-raɗin da aka yi ta yi cewa za a sa kuɗin ƙofa. A wannan kam sun cancanci yabo, domin ranar da aka sa ko shilin hamsin a bakin ƙofa, an canza masu lambun ke nan ba tare da an canza sunansa ba.

Damuwata tana ga sauran sharuɗɗan. Lambun da a da ake shiga ta ko'ina, yanzu yana da shinge da ƙofofi da masu gadi, kuma da aka buɗe a 2024 an riƙa neman babba ya nuna katin shaida kafin ya shiga. A ido, wannan ƙaramin abu ne. Amma wane ne ba shi da kati? Matashin da ya baro ƙauye bai daɗe ba, da wanda ke kwana a titi, da ɗan gudun hijira, da 'yan wasu ƙabilu na kan iyaka waɗanda suka daɗe suna kukan wahalar da suke sha kafin a ba su katin ɗan ƙasa. Wato dai waɗanda suka fi kowa buƙatar inuwar da ba a biya. Mai mota yana da lambu a gidansa, yana da kulob, yana iya fita bayan gari. Sharaɗin kati ba ya taɓa shi ko kaɗan.

Za a ce tsaro ne ya kawo haka, kuma Nairobi birni ne da ya ɗanɗana hare-haren ta'addanci, don haka ba zan yi wa wannan hujja dariya ba. Sai dai akwai wani misali da masana tsara birane ke yawan kawowa, wanda ya nuna wata hanyar. Lambun Bryant da ke birnin Niyu Yok na Amurka ya zama matattarar masu sayar da ƙwaya a shekarun 1970, har mutanen kirki suka ƙaurace masa. Da aka tashi gyara shi, an bi shawarar wani mai nazarin zaman birni, William Whyte, wanda ya lura cewa dogayen shingayen shuke-shuke da ƙarancin ƙofofi su ne suka mayar da wurin maɓoya. Aka rage shingayen, aka ƙara mashigai, aka zuba kujeru marasa nauyi waɗanda kowa zai iya ja ya kai inda yake so. Da aka buɗe a 1992 jama'a suka cika wurin, masu laifi suka rasa duhun da suke fakewa a ciki. Idon jama'a ya yi aikin da ɗan sanda ya kasa. Ba na cewa abin da ya yi aiki a can dole ya yi a Nairobi, kuma shi ma Lambun Bryant ana sukarsa da cewa kamfani mai zaman kansa ne ke tafiyar da shi, harkar kasuwanci ta yi masa yawa. Abin da nake cewa shi ne, katanga ba ita kaɗai ce hanyar tsaro ba, ita ce dai hanyar da ta fi zo wa hukuma da sauƙi.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. Tun ana cikin aikin mahukuntan birnin suka bayyana cewa an daina gangamin siyasa a Lambun Uhuru. Hujjarsu a fili take: taron dubban mutane yana tattake ciyawa, yana karya shuke-shuke, yana barin shara, kuma ba a kashe biliyan don 'yan siyasa su mayar da wurin turɓaya cikin yini ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa ganin filin taro washegarin gangami zai fahimci wannan magana. Amma a duba abin da ake nema a yi. Wurin da ya tsira daga bene mai hawa 60 saboda mutane sun yi magana, wurin da tsofaffi suka kwana da yunwa har aka buɗe gidajen yari, shi ne ake so a mayar wurin ɗaukar hoto da shan askirim kawai. A nan ne nake tsoron kada garin gyaran gira a rasa ido. Ana iya ware ɓangaren taro a shimfiɗa masa abin da zai jure takun ƙafa, ana iya sa masu shirya gangami su ajiye kuɗin gyaran abin da suka ɓata. Hani na gaba ɗaya kuwa yana cin karo da ruhin sashe na 37 na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya ba kowa 'yancin taruwa da zanga-zanga cikin lumana ba tare da makami ba. 'Yancin taruwa da ba shi da filin taruwa, a takarda kawai yake.

Ba a kai wata uku da buɗewa ba sai ga gwaji ya zo. A watan Yuni na 2024 matasan Kenya suka fantsama kan tituna suna adawa da dokar ƙarin haraji. Ranar 25 ga wata suka kutsa cikin harabar majalisa, jami'an tsaro suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu kan dokar ba. Ranar 7 ga Yuli, wadda mutanen Kenya ke kira Saba Saba don tunawa da boren neman jam'iyyu da yawa na 1990, dubban matasa suka taru don juyayin waɗanda aka kashe, suna ɗauke da sunayensu. Ina suka taru? A Lambun Uhuru. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da Maathai ke rubuta wasiƙunta, amma ƙafafunsu sun san inda ake zuwa idan ƙasa ta shiga wani hali.

A cikin wannan hargitsi an lalata wasu kayayyakin lambun, abin da ya sa aka sake rufe shi har zuwa ƙarshen Satumba. A nan ba zan yi wa masu ɓarna sassauci ba, ko su wane ne. Wanda ya farfasa kujerar lambu don yana fushi da gwamnati, kujerar kakarsa ya farfasa. Minista ba ya zama a kanta. Kuma kowace ɓarna irin wannan hujja ce ake miƙa wa masu son ƙara tsawon katanga, a kan faranti. Amma ita ma hukuma, rufe lambu gaba ɗaya na kusan wata uku saboda ɓarnar da wasu tsiraru suka yi, horo ne da ya faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Na lura cewa rufewa ta zama abu na farko da hannun hukuma ke kaiwa gare shi, kuma abin da aka saba rufewa, wata rana ana iya mantawa a buɗe.

Akwai kuma batun da ba a cika yi ba ranar yanka kirtani, wato wanda zai riƙa ban ruwa. Tsohon lambun da ciyawarsa ta gargajiya yana iya jure sakaci na shekaru. Sabon kuwa, mai furanni da famfunan feshi da fitilu, kullum yana neman kuɗi, ga shi a hannun gwamnatin birnin da ke fama da bashi da kwashe shara. Idan kuɗin kula ya gaza, abu biyu ne ke biyo baya: ko wurin ya lalace fiye da da, ko a fara ba da hayarsa ga masu bukukuwa da kamfanoni har ya zama rabin kwanakin mako a killace yake. Wannan ita ce ƙofar bayan da kuɗin shiga kan biyo, ko da an rantse ba za a sa shi ba. Nan da shekara biyar za a san ko gyaran nan ya yi albarka, kuma ba a jikin jirgin saman za a duba ba, a kasafin kuɗin masu shara da masu ban ruwa za a duba.

Ina rubuta duk wannan ina jin wani abu mai kama da kishi, domin mutanen Nairobi suna rigima ne a kan lambun da suke da shi. Mu a nan ba baƙi ba ne ga fili na kowa da kowa. Muna da kalmar hurumi tun kafin zuwan Turawa, muna da dandali, muna da filin idi da makiyaya da burtali, shari'a kuma ta san waƙafi. Baturen nan Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ganuwa ta kewaye ba, saura gonaki ne da lambuna da fili. Yau a zagaya a gani. Kududdufan da ke shanye ruwan sama an cike su an yi gini, shi ya sa ruwan awa biyu ke shiga ɗakuna. Jikin badala ya zama shaguna. Ko rigimar shagunan da aka gina a filin idi na Ƙofar Mata, waɗanda sabuwar gwamnati ta rushe a 2023 har aka dangana da kotu kan diyya, muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga wane ɓangaren siyasa ne ya ci, wane ne ya faɗi. Kaɗan ne suka tambayi inda yaron cikin birni zai buga ƙwallo, ko inda dattijo zai zauna a inuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Filayenmu ba sa tafiya da bene mai hawa 60, wanda kowa zai gani ya yi kururuwa. Suna tafiya ne da shago ɗaya a kusurwa, sai na biyu ya jingina da shi, sai a wayi gari an ba da takarda. Don haka abin da zan roƙi majalisun dokokin jihohinmu bai kai biliyan ba. A ƙirga filayen jama'a da suka rage a kowane babban gari, a auna su, a buga sunayensu da iyakokinsu a jaridar gwamnati, a manna taswirar a ofishin kowane hakimi da mai unguwa inda kowa zai gani. A kuma yi doka cewa ba gwamna ko kwamishinan da zai canza amfanin ɗaya daga cikinsu, ko ya rufe shi da sunan gyara fiye da wa'adin da aka sanar, sai an yi zaman jin ra'ayin mutanen unguwar, an rubuta abin da suka ce. Ɗaliban sashen nazarin ƙasa da na tsara birane a jami'o'inmu za su iya fara wannan ƙidaya a matsayin aikin kammala digiri, unguwa-unguwa, tun kafin majalisa ta motsa.